Kambi Ɗaya, Hannuwa Dubu: Sharhi a kan Fim ɗin "Big Hero 6"

A shekarar 2014 abubuwa biyu suka faru a ƙasar Amurka, wata uku ne tsakaninsu, kuma magana guda ce ta haɗa su. A watan Agusta mujallar kimiyya mai suna Science ta buga sakamakon wani gwaji da aka yi a Jami'ar Harvard, inda ƴan ƙananan na'urori 1,024 suka yi ta jan jiki a kan wani makeken tebur har suka jera kansu cikin siffar tauraro, ba tare da wani ya nuna wa kowacce wurin tsayawarta ba. A watan Nuwamba kuma kamfanin Disney ya saki fim ɗin zane mai motsi mai suna "Big Hero 6", wanda a ƙasashe masu aiki da Faransanci aka fi sani da "Les Nouveaux Héros". Shi ma ƴan na'urori ne jigon rikicinsa, dubbai a kan dubbai, baƙaƙe, kowacce ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba, masu haɗuwa su ɗauki abin da ƙarti goma ba su iya ɗagawa. Na'urorin Harvard sun kwashe kimanin awa 12 kafin su gama tauraronsu. Na Disney kuwa kafin a ƙifta ido sun tayar da hasumiya. Fim ɗin ya ci kyautar Oscar ta fina-finan zane a 2015, ya zaga duniya, ya shiga gidaje ta talabijin da faifai da wayar hannu, yayin da gwajin Harvard ya tsaya a bakin masana. Saboda haka yaron da ya taɓa ganin taron na'urori na ɗaukar kaya, galibi ta idon Disney ya gan shi.

Ba a tuhumar tatsuniya da ƙarya, don haka babu amfanin a tsaya auna saurin na'urorin fim da ma'aunin injiniya. Sai dai kowace tatsuniya akwai tarbiyyar da take goye da ita, kuma ita ce ta cancanci a kwance a duba. Tambayar da wannan sharhi ya sa gaba ita ce: wace irin dangantaka fim ɗin ya zana tsakanin mutum guda da taron da ke yi masa dako? Amsar da za a kare ita ce, fim ɗin ya ɗauki abin da ƙarfinsa ke cikin rashin shugaba guda ya naɗa masa sarki, sa'an nan ya nuna wa mai kallo cewa masu yawa hannuwa ne kurum, hankali kuwa na mutum ɗaya ne.

Labarin a taƙaice

Don Hall da Chris Williams ne suka ba da umarni. An kafa labarin a wani birni na ƙirƙira mai suna San Fransokyo, wanda aka samar ta hanyar gauraya San Faransisko ta Amurka da Tokiyo ta Japan. Hiro Hamada maraya ne ɗan shekara 14, mai kaifin basira, wanda ya gama sakandare tun yana ƙarami ya koma caca da faɗan na'urori a lungunan birni. Wansa Tadashi ya ja shi zuwa jami'ar da yake karatu, ya nuna masa Baymax, wani mutum-mutumi fari mai taushi kamar balan-balan, wanda ya ƙera don jinyar marasa lafiya. Kwaɗayin shiga jami'ar ya sa Hiro ya ƙirƙiro ƴan na'urorinsa ya kai su baje kolin ɗalibai. Da zarar ya ɗaura wani siririn kambi a goshi, duk abin da ya raya a zuci sai su aikata: su zama gini, su zama hannu, su ɗauke shi su yi yawo da shi cikin zauren.

A daren nan gobara ta tashi. Tadashi ya koma ciki don ceton malaminsa, Farfesa Robert Callaghan, bai sake fitowa ba. Daga baya ta bayyana cewa malamin bai mutu ba. Da na'urorin Hiro ya kare kansa daga wuta, ya sace su, ya ƙera wasu birjik, ya sanya kambin cikin wata fuskar wasan kwaikwayo irin ta Japanawa, ya shiga neman fansa a kan attajiri Alistair Krei, wanda gwajinsa na wata ƙofa mai kai mutum nesa nan take ya haɗiye masa ɗiya, Abigail. Hiro da Baymax da abokan Tadashi huɗu, su shida ke nan, suka tashi don tare shi.

Inda aka yi rawar gani

Adalci ya wajabta a fara da yabo, domin fim ɗin ya cancanta. Da wuya a samu fim na yara da ya dubi zafin rashin ɗan'uwa da irin wannan natsuwa: ɗakin da aka raba biyu aka bar rabinsa babu kowa, abincin da ake kawowa ana ɗaukewa ba a taɓa ba, hular mamaci a kan gado. Haka nan an nuna ilimin ƙere-ƙere a matsayin aikin haƙuri, musamman a hotunan da Tadashi ya ɗauka yana gwada Baymax fiye da sau 80, yana faɗuwa yana tashi, kafin abin ya yi aiki. Ƴan mata biyu na cikin masu binciken, kuma babu wanda ya tsaya mamakin haka. Shi kansa Baymax daga bincike na gaskiya aka tsamo shi, domin Don Hall ya ga wani hannu mai taushi da ake hura wa iska a Jami'ar Carnegie Mellon, daga nan siffar ta zo masa.

Akwai kuma wani ɗan yanki da ya fi kowane kusanci da gaskiyar taro. Bayan gobara, Hiro ya tarar da na'ura guda da ta saura cikin aljihun rigarsa tana ta mutsu-mutsu. Ya jefa ta cikin ɗan faranti na gilashi ya ce ta lalace. Baymax ne ya lura cewa gefe guda take ta turawa, ya ɗauki farantin ya bi inda take nunawa har ya isa sito inda ake ƙera ƴan'uwanta. A wannan wuri aka nuna na'urar tana da wata alaƙa da sauran wadda ba ta biyo ta kan mai kambi ba. Abin takaici, da ta gama aikin nuna hanya sai labarin ya manta da wannan alaƙa, bai sake waiwayarta ba.

Kambi

Daga nan har ƙarshe, komi ya rataya ne a kan kambi. Yana goshin Hiro, na'urori na Hiro ne. Ya koma goshin Callaghan, sun zama na Callaghan, ba su tambayi dalili ba. Da fuskar ta fita daga kansa sai su zube ƙasa kamar an kwance bakin buhun gero. Mai karatun da ya tashi da labaran Dare Dubu da Ɗaya zai gane wannan nan take: fitilar Aladin ce aka sake wa tufafi, aljanin cikinta na wanda ya murza ne, mai kirki ko mugu. Tunanin ma ya girmi Disney a fagen na'urori. Kalmar da Turawa ke kiran mutum-mutumi da ita ta fito ne daga wasan kwaikwayon "R.U.R." na Karel Čapek, wanda aka buga a 1920, kuma tushenta kalma ce ta harshen Cek mai nufin aikin tilas da talaka ke yi wa mai ƙasa. Tun ranar suna, an raɗa wa na'ura sunan bawa.

Amma masanan da suka fara tunanin ƙera taron ƙananan na'urori, gudun wannan kambi ne ya kai su can. A 1959 Bafaranshe masanin ƙwari Pierre-Paul Grassé ya bayyana yadda gara ke gina suri: uwar gara ƙwai take zubawa, ba ta ba da umarni, ba ta riƙe da taswira. Kowace gara tana ajiye ɗan curin ƙasarta inda ta tarar wata ta ajiye, aikin da aka riga aka yi shi ke gaya wa mai zuwa abin da ya saura. A 1989 Gerardo Beni da Jing Wang suka shigar da batun hankalin taro cikin fagen na'urori. Ribar da ake nema a fili take: idan aiki ya dogara ga babbar na'ura guda, ranar da ta lalace aiki ya tsaya, idan kuwa ya rabu tsakanin ƙanana dubu, mutuwar ɗari ba ta hana sauran ci gaba. Taron da ke zubewa don an fizge ƙyalle daga goshin mutum ɗaya ya rasa dalilin da ya sa aka yi shi taro. Abin da Disney ta zana jiki guda ne mai gaɓoɓi da yawa, an kira shi taro don ya yi kama da tururuwa a ido.

Yadda masu yawa ke ɗaukar kaya

Bahaushe ya ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Yawanci akan tsaya ga darasin karin maganar, wato haɗin kai, ba a duban aikin da aka samo ta daga gare shi, alhali cikin aikin ne ilimin yake. A ƙasa ake ɗaure jinka, a baibaye ta, sa'an nan a kira maƙwabta su kewaye ta. Wanda ke gabas ba ya ganin na yamma, jinkar ta shiga tsakaninsu. Duk da haka kowa ya san abin da ɗayan ke yi, domin idan wancan gefe ya ɗaga nauyi zai gangaro wannan, idan wani ya yi gaggawa sai bakin jinka ya fizgi hannun kowa. Kayan da aka ɗauka shi ne ke kai saƙo. Akwai mai kira a ɗaga, a tsaya, a sauke, amma muryarsa lokaci take daidaitawa; gyaran da kowane hannu ke yi a kowane taki, ba shi ke yin sa ba, ba zai ma iya ba.

Binciken zamani ya tarar da wannan tsari a wajen ƙwari. A 2015 Ofer Feinerman da abokan aikinsa na Cibiyar Weizmann ta ƙasar Isira'ila suka wallafa nazarinsu a kan wani irin kiyashi mai dogayen ƙahoni, wanda suka ba ɗan zoben hatsi irin na karin kumallon Turawa, suka ɗauki hoton yadda yake kai shi rami. Masu riƙe da kayan ba su ganin hanya sosai. Kowane yana jin inda kaya ke rinjaya ne ya bi. To, wa ke jan ragama? Wanda ya iso yanzu daga wajen rami, ya san hanya, sai ya kama kayan ya ja da ƙarfi, sauran su ji su juya. Bayan ƴan daƙiƙoƙi shi ma sai ya ruɗe ya zama mabiyi, wani sabo ya zo ya karɓa. Shugabanci yana nan, amma aro ne, na mai sabon labari ne, kuma ba a samunsa sai an sa baki a kaya.

Injiniyoyi ma sun ci karo da darasin ta wata ƙofa. A 2016 David Christensen da abokansa a ɗakin binciken Mark Cutkosky na Jami'ar Stanford suka sa ƴan na'urori shida, waɗanda nauyinsu duka bai wuce kimanin giram 100 ba, suka ja mota mai kilo 1,800 a kan daɓe mai santsi. Ƙafafunsu na manne wa ƙasa kamar na tsaka, kowacce kuma tana naɗe zarenta a hankali. Abin da suka gano shi ne, na'urori masu fizga da zabura ba su iya tara ƙarfinsu wuri guda, domin fizgar wannan ba ta dacewa da ta wancan. Masu ja sannu, ja mai tsawo, su ne ƙarfinsu ke haɗuwa. Igiyar ruwan baƙaƙen na'urori da ke rugawa cikin titunan San Fransokyo tana jifa da manyan akwatunan ƙarfe abin kallo ce, amma haɗin ƙarfi na gaskiya tafiyar hawainiya yake yi.

Kada kuma a ɗauka mutum kiyashi ne. A ƙarshen 2024 Tabea Dreyer da Feinerman suka wallafa wani gwaji inda aka ba kiyashi da mutane wasa ƙwaƙwalwa iri ɗaya: su fitar da kaya mai siffar harafin T ta ƙofofi biyu matsattsu, kowa da girman da ya dace da shi. Kiyashi ya fi ƙwarewa idan yana da yawa. Mutum ɗaya ya fi kiyashi nesa, amma da aka tara mutane aka rufe musu baki da idanu da takunkumi da baƙin tabarau, aka hana su magana da nuni, sai taronsu ya kasa abin da mutum guda ya iya. Ke nan ɗan Adam yana bukatar abu biyu a ƙarƙashin jinka, jin nauyi a hannu da kuma magana. Fim ɗin ya cire duka biyun: Callaghan ba ya jin nauyin abin da ake ɗauka dominsa, kuma babu mai mayar masa da magana.

Mutum a gaban garke

To, ina matsayin mutum idan ya tsaya gaban na'urori ɗari ko dubu? Wannan ce tambayar da masu bincike suka fi shan wuya a kanta, kuma ita ce fim ɗin ya tsallake da kambinsa. Hankalin mutum ba ya iya bin abubuwa goma masu motsi a lokaci guda, balle dubu. Amsoshin da aka gwada sun bambanta, kowace kuma tana ajiye mutum a wani wuri dabam.

A gwajin Harvard na Michael Rubenstein da Alejandro Cornejo da Radhika Nagpal, mutum yana magana ne sau ɗaya, a farko. Na'urorin, masu suna Kilobot, faɗin kowacce santimita 3 da ɗan ɗori ne, tana tsaye kan siraran ƙafafu uku, tana tafiya ta hanyar karkarwa, tana magana da maƙwabtanta na kusa kaɗai da wani haske da ido ba ya gani. Aka aika wa dukkansu hoton siffar da ake so da ƙa'idoji kaɗan, aka ajiye guda huɗu da hannu su zama tushen awo, aka ja da baya. Daga nan kowacce ke bin gefen taro har ta samu gurbi ta tsaya. Tun a 2013 an riga an nuna cewa irin waɗannan na'urori, har guda 100, suna iya tura kaya zuwa wani wuri ba tare da sun san siffarsa ko nauyinsa ba. Mutum a nan kamar manomi yake: ya zaɓi iri, ya shuka, ba ya jan tsiro da hannu.

Aaron Becker, a Jami'ar Rice, ya bi ta wata hanya a 2013. Ya sanya wasanni a intanet inda kowa zai iya tuƙa taron na'urori na kwaikwayo da maɓallan kibiya, amma umarni guda ke isa ga dukkansu: ka ce dama, duka su yi dama. Dalilinsa shi ne, na'urorin da ake fatan wata rana su kai magani cikin jikin mutum sun yi ƙanƙanta da a yi wa kowacce magana ita kaɗai, sai dai a ja su gaba ɗaya da maganaɗisu. A wasan tura kaya sai aka ga abin mamaki: waɗanda aka nuna wa tsakiyar taron da faɗin bazuwarsa kurum sun riga waɗanda ke ganin kowace na'ura gamawa. Duk wanda ya taɓa kallon makiyayi ba zai yi mamaki ba. Ba ya ƙirga ƙafafun shanunsa. Goshin garke yake dubawa da gefensa, ya yi amfani da gaɓar rafi da shingen gona wajen tattara su, kamar yadda ƴan wasan suka koyi tara na'urori a jikin bango kafin su tura.

A 2016 kuma Mathieu Le Goc da Sean Follmer da abokan aikinsu na Stanford da cibiyar Inria ta Faransa suka nuna Zooids, ƴan na'urori masu ƙafafun taya, faɗin kowacce santimita 2.6. Waɗannan kwamfuta guda ce ke daidaita su ta rediyo, amma mutum da hannunsa yake hulɗa da su: ya ɗauki ɗaya ya matsar, sauran su gyara jeri, ya share su gefe da tafin hannu, su kuma su taru su turo masa wayarsa a kan tebur. Saƙo yana tafiya yana dawowa, ta fata, kamar a bakin jinka.

Sai misali na huɗu, wanda ya fi sauran girma a duniyar aiki. A 2012 kamfanin Amazon ya sayi kamfanin Kiva Systems a kan dala miliyan 775. Na'urorinsa gajeru ne, suna shiga ƙarƙashin kanta su ɗaga ta, su bi alamomin da aka liƙa a daɓe su kawo ta gaban ma'aikaci. A 2025 kamfanin ya sanar cewa na'urorinsa sun kai miliyan ɗaya. A nan lalle akwai kambi, domin kwamfuta ta tsakiya ce ke tsara tafiyar kowace na'ura. Sai dai ba a goshin ma'aikaci yake ba. Shi yana tsaye wuri guda, kanta na zuwa, allo na gaya masa abin da zai ɗauka, wata kantar na jira a baya. Yaron da ya kalli Hiro ya ga kansa sanye da kambi ya kamata ya san cewa a cikin sito mutum ne ya zama hannu.

Wa aka ba zuciya?

Akwai hujja guda mai ƙarfi da za a iya kare kambi da ita, kuma bai kamata a ɓoye ta ba. Inda akwai kambi, akwai wanda za a kama da laifi, akwai kuma abin da za a fizge a tsayar da ɓarna. Taron da ba shi da shugaba yana da wuyar tsayarwa. Marubucin ƙasar Polan Stanisław Lem ya hango haka tun 1964, a littafinsa da aka fassara zuwa Faransanci da sunan "L'Invincible", inda jirgin sararin samaniya mai manyan makamai ya gamu da gajimaren ƴan mitsi-mitsin na'urori a wata duniya, ya rasa kan da zai sare. Tambayar Lem har yanzu tana gaban injiniyoyi: yaya za a yi taro mai cin gashin kansa wanda kuma zai ji kira idan an ce ya tsaya? Ana iya cewa Disney ta zaɓi kambi ne don yara su ga cewa kayan aiki ba su da laifi, mai riƙe da su ne ke da shi.

Amma fim ɗin da kansa ya rushe wannan kariya, ta hanyar Baymax. Lokacin da Hiro ya gane Callaghan ne sanadin mutuwar wansa, sai ya zare katin jinya da Tadashi ya sa wa Baymax, ya bar na faɗa, ya umurce shi da kisa. Abokai suka mayar da katin da ƙyar. Da Hiro ya so sake zare shi a gida, Baymax ya ƙi buɗe ƙirjinsa. Wannan shi ne ƙololuwar labarin, kuma darasinsa shi ne na'ura tana iya ɗauke da amanar wanda ya ƙera ta har ta ƙi mugun umarni. To, me ya hana a ba ƙananan irin wannan amana? An ba ɗaya fuska da suna da ikon cewa a'a. An bar dubbai baƙaƙe, babu fuska, babu suna, sai biyayya. A yaƙin ƙarshe ma dabarar jaruman ita ce su bar neman fuskar su yi ta kakkarya na'urorin, ƙofar nan ta zuƙe su har su ƙare. Mai kallo ya yi hawaye don Baymax guda, bai ko lura da dubban da suka salwanta ba. Haka tsofaffin labaran yaƙi suke: a san sunan dokin sarki, a manta yawan dakarun da suka faɗi.

Naɗewa

"Big Hero 6" fim ne mai kyau a kan baƙin ciki da afuwa, kuma raunanne a kan abin da ya ara daga tururuwa. Malamin makaranta ko shugaban ƙungiyar al'adu da ya nuna shi ga yara bai yi asara ba, muddin bai tashi taro da zarar an kunna fitila ba. Kayan gwajin da zai cike giɓin ba su bukatar kuɗi. A fita tsakar gida a ajiye ɗan ɓarɓashin ƙuli-ƙuli kusa da ramin kiyashi, yara su zauna su lura wane ne ke juya kayan, kuma tsawon wane lokaci. Sa'an nan a ba yara takwas dogon benci su fitar da shi ta ƙofar aji, karo na farko bakinsu a rufe, karo na biyu suna magana, karo na uku ɗaya ya hau tebur yana ba da umarni ba tare da ya taɓa bencin ba. A tambaye su wane karo ya fi sauƙi, a wane ne aka fi buga ƙafa a bango, kuma da benci ya maƙale, wa ya fara sani: na kan tebur, ko wanda katako ya matse wa yatsa?